Shekarar da Na Rubuta Ubana Ɗan Haya

Ku 'ya'yana, na san abin da kuke ji a bakin dangi idan an taru wajen suna ko biki, wai uwarku ta sayar da ubanta ta sayi digiri. Kawunku Sule ya faɗa a gabana, ya faɗa a bayan idona, har ya koma ga Allah bai janye ba. Na yi shiru shekara da shekaru don yayana ne, amma yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara dishi-dishi, ba zan tafi in bar ku da guntun labari ba. Ku ji daga bakin mai shi. In kun gama ku yanke naku hukuncin, tunda biyu daga cikinku ma lauyoyi ne.

Gidanmu na Agege da kuka sani, kakana Malam Audu ne ya kafa shi. Goro ya biyo daga Arewa a jirgin ƙasa, ya ga wuri ya yi masa, sai wani gidan Yarbawa, gidan Alamu, suka yanka masa fili suka ce ya gina. A nan aka haifi Baba, Alhaji Garba, a nan ya yi wayo, a nan ya gaji rumfar goro. Yarabancinsa ya fi na wasu Yarbawan, in ransa ya ɓaci ma da shi yake faɗa. Arewa kuwa sai dai labari, ko jirgin Makka a Ikko ya hau. To akwai wata al'ada da muka taso muka tarar. Duk Babbar Sallah, da an feɗe ragon gida, kafin kowa ya sa wuƙa, sai a cire cinyar dama a sa a daro, a ɗora ƙwaryar goro a kai, babban ɗa ya ɗauka da rana tsaka ya kai gidan Alamu. Ya cire takalmi a ƙofa, ya durƙusa, ya ce an kawo gaisuwar ƙasa. Baba ya kai a zamanin kaka, Yaya Sule ya kai a zamanin Baba. Mu dai a wurinmu zumunci ne kawai, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi ma'anarta.

Ni ce na tono ma'anar, kuma wallahi ba da mugun nufi ba. A lokacin ina koyar da shari'a a jami'a, ina kuma karatun digirin digirgir. Ku ukun farko kuna ƙanana, na huɗu ba a haife shi ba. Kullum in bar ku da babanku in tsallaka titin jirgi in shiga danfo, motar haya, kundina a cinya, kwandasta yana ta min ihu a kunne, in isa ofis kaina kamar an daka. Abin da na zaɓa in bincika shi ne zaman Hausawan Ikko a kan filayen Yarbawa, da matsayinsu a idon kotu. Na bi gidajen tsofaffi daga Agege har Idi Araba ina tambaya. Ashe abin da muke kira gaisuwar ƙasa, Yarbawa ishakole suke ce masa, kuma kotu ta san shi sarai. Mai kai ishakole ɗan haya ne na gargajiya. Ƙasa ba tasa ba ce, amma shi da jikokinsa babu mai tashinsu muddin suna kai gaisuwa. Ranar da ya buɗe baki ya ce ƙasar tasa ce, ko ya daina kaiwa da gangan, ya ba mai ƙasa ƙofar zuwa kotu ya karɓe abinsa. Wannan shi ne babi na huɗu na kundina, kuma shi ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Misalin da ya fi kowanne cika a ciki gidanmu ne, don Baba da kansa ya zaunar da ni a zaure ya ba ni labarin, yana dariya yana alfahari, ni kuma ina naɗa a rikoda. Na sakaya suna, na ce wani gidan 'yan goro a Agege. Amma duk wanda ya san unguwar ya karanta, ya san gidan wa ake nufi.

Shekarar da nake faɗa muku ita ce ta ƙarshe da jami'a ta yarda ta ƙara mini. An riga an sa lokacin kare kundi, 'yan makonni bayan Babbar Sallah. In na wuce shi, an rufe mini ƙofa ke nan, wahalar shekaru ta tafi a banza.

Ana cikin haka tsohon gidan Alamu ya rasu, jikansa Kunle ya hau kan dukiya. Yaron da muka yi wasan ƙasa tare, ya ci tuwon Inna har ba adadi. Wata safiya sai ga shi da safiyo da wasu ƙatti, suna jan igiyar awo daga bakin kwata har bangon masallacinmu. Ko sallama bai yi wa Baba ba. Da aka tambaye shi sai ya ce masu gina shaguna ne suke son wurin, ana dai dubawa ne. Kai, ranar unguwa ta yamutse. Yaya Sule ya baro tankarsa a layin Apapa ya hawo okada, wato acaɓa, ya iso yana huci. Bayan la'asar aka tara mu a zaure, har da ni da nake gidan aure, Inna tana bayan labule. Yaya Sule ne ya fara.

"Daga bana an daina kai naman nan. Shi ya sa suka raina mu. Kuma duk wanda ya tambaya, kaka saye ya yi, ya biya kuɗinsa cas. Bakinmu ya zama ɗaya."

Baba ya gyaɗa kai. Ni kuwa na karanta shari'o'i iri-iri a kan wannan, kuma gidajen da suka bi hanyar da Yaya ya faɗa na san inda suka ƙare. Na ce:

"Baba, don Allah kada a yi haka. Abin da Kunle yake jira ke nan. Muddin ana kai gaisuwar nan ba shi da ikon taɓa ko bulo ɗaya. Ranar da muka ce saye aka yi, alhali babu shaida, mun ba shi gidan da hannunmu."

"To in ana kaiwa mu su wane ne a gidan?" in ji Baba.

Na yi ta kewaye-kewaye, ya ce in daina, in faɗa masa da Hausa. Na sunkuyar da kai na ce 'yan haya ne, amma irin waɗanda ba a kora. Ban taɓa ganin fuskar Baba ta yi haka ba. Ya nuna ƙasa da carbinsa.

"Nan aka binne cibiyata, Dije. Ubana yana kwance a maƙabartar can, na sa shi da hannuna. Ni ne ɗan haya?"

Yaya Sule, Allah ya jiƙansa, ba ya mantuwa. Nan take ya tuna ranar da na zo da rikoda. Ya juyo ya kafe ni da ido.

"Tsaya tukuna. Hirar nan da kika yi da Baba, me kika yi da ita?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi.

"Lalle boko ya cinye miki kai! Kin rubuta da hannunki cewa ubanki ɗan haya ne, za ki ajiye a jami'a lauyan Kunle ya je ya ɗauko? Ai kin gama da mu!"

Ina da baki, kun sani, kuma ranar ban riƙe shi ba. Na ce masa shi ya san tanka, ni na san kotu, kowa ya tsaya a layinsa. Baba ya daka mana tsawa. Sannan ya yi magana a hankali, wadda ta fi tsawar ciwo.

"Ki je ki cire wannan wurin daga littafinki. In kin cire, ke 'yata ce. In kin bar shi, kada ki sake tako mini zaure."

Washegari na wuce ofishin Farfesa, malamin da yake duba aikina. Dattijon Bayarabe ne mai tsauri, ya riƙe ni kamar 'yarsa amma bai taɓa sassauta mini ko waƙafi ba. Na zayyana masa komai, na roƙe shi in cire babin, ko in sa wani misali a madadinsa. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Hadiza, in kika cire babi na huɗu me ya rage? Gabatarwa da godiya. Kundin ya riga ya tafi wurin mai jarrabawa na waje, ba ni da ikon janyo shi. Sai dai ki janye kanki, kuma kin san ba za a sake ƙara miki lokaci ba."

Na ce to ubana fa? Ya ce shi malamin shari'a ne, wannan tambayar ta fi ƙarfinsa. Amma da na kai bakin ƙofa ya kira ni.

"Abin da kika rubuta, gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?"

Na ce gaskiya ne. Ya mayar da tabaransa ya ci gaba da karatu.

Makonnin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Abinci ba ya shiga, in na buɗe kundin don shiri sai in ga fuskar Baba a kan takarda. Babanku ya je wurin Baba ba da haƙuri, aka karɓe shi a tsaye aka sallame shi a tsaye. Har na rubuta takardar janyewa na sa a jaka, ina yawo da ita. Abin da ya hana ni miƙa ta shi ne na zauna na yi lissafi da hankalina: ko na ƙona kundin ƙurmus, in dai Sallah ta wuce ba a kai gaisuwa ba, kuma aka je kotu aka ce saye aka yi, gidan ya tafi. Duk tsofaffin unguwa sun ga Yaya Sule da daro a ka shekara da shekaru, wa za a rufe wa baki? Janyewata ba za ta ceci komai ba, sai dai in rasa biyu.

Ranar Sallah na shiga gidanmu ta ƙofar baya, ta wajen mata, tunda zaure aka hana ni. Maza sun gama fiɗa sun koma waje cin hanta. Inna tana tsugune a gaban nama. Mace ce da ban taɓa jin ta musa wa Baba ko a kan gishirin miya ba. Na durƙusa kusa da ita, ba ta dube ni ba. Can sai ta ce, kamar da naman take magana:

"Abin da kika faɗa ranar nan, kin tabbata?"

"Na tabbata, Inna."

Ta jawo cinyar dama ta sa a daro, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwaryar goro ta ɗora, ta rufe da faifai. Ta wanke hannu ta ce:

"Ni zan shiga in yi salla. Ban ga kowa ba."

Na ɗora daron a ka na fita. Dole ne a kai da rana, a gaban mutane, in ba haka ba bai zama shaida ba. Ku yi tunanin malamar jami'a da leshin Sallah, jini yana ɗiga a gyalenta, tana ratsa layin 'yan goro. Kowa ya san daron, kowa ya ji an ce bana ba za a kai ba. Masu shayi suka bar zuba shayi, mata suka leƙo ta taga. Ban tsaya ba. Na kusa titin jirgi na ji muryar Yaya Sule a bayana, wani ya riga ya kai masa rahoto. Ya sha gabana, wuƙar fiɗa tana hannunsa bai ma san da ita ba.

"Sauke daron nan, Dije."

"Ba zan sauke ba, Yaya."

"Ki sauke kafin in manta ke ƙanwata ce!"

Mutane suka kewaye mu. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ce masa in zai karɓa sai dai ya ture ni a gaban jama'a ranar Sallah, ya kuma je ya faɗa wa Baba da bakinsa cewa ya ture 'yarsa a titi. Ya tsaya yana numfashi. Wani dattijo ya zare wuƙar daga hannunsa a hankali. Ya tofar da yawu a gefen ƙafata ya matsa.

A gidan Alamu an cika ana ta kiɗa da ciye-ciye, don su ma Musulmi ne. Na cire takalmi, na durƙusa a gaban Iya, matar marigayin, tsohuwa tukuf da ba ta gani sosai. Na yi mata barka da Sallah da Yarabanci, na ce an kawo gaisuwar ƙasa daga gidan Malam Audu. Kunle ya taso daga cikin abokansa kamar an tsikare shi.

"Iya, kada ki taɓa! Ai sun ce bana ba sa kawowa!"

Nan na ƙara tabbata lauyansa ya karanta masa abin da na karanta. Tsohuwa ta lalubo daron, ta shafa cinyar, ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare ta sa a baki.

"Tun ina amarya nake karɓar naman nan," in ji ta. "Yau ne zan mayar da shi don kai? 'Yar Garba, ki gaishe da ubanki."

Ban kai wa Baba gaisuwar Iya ba, don babu hali. Kafin in dawo labari ya riga ni. Baba ya aiko ƙaninsa ya same ni a hanya, ya ce in wuce gidan mijina, ko ta ƙofar baya kada in sake shiga.

Haka na je kare kundi, babu kowa daga gidanmu, sai babanku da ya zauna a baranda yana jan carbi. Malamai sun jeru a dogon teburi, mai jarrabawa na waje a tsakiya, wata mata mai sanyin murya da kaifin tambaya. Ta juya ni ta ko'ina, na amsa. Sai ta buɗe babi na huɗu ta ce:

"Mutanen gidan nan na 'yan goro, su da kansu sun yarda cewa 'yan haya ne?"

Farfesa ya sunkuyar da kai. Na kurɓi ruwa. Na ce ba su yarda ba, kuma a ganina nan ne shari'a ta gaza, don ta ba su kariya da sunan da ba za su iya amsawa ba. Ta rubuta wani abu ta rufe kundin. Da aka kira ni aka ce na ci, aka miƙe ana tafa mini, wallahi ban ji daɗin komai ba. Na fito na zauna kusa da babanku na yi kuka har gyalena ya jiƙe.

Kunle ya kai ƙara duk da haka. Lauyan da Yaya Sule ya ɗauka, da ya ji an kai gaisuwar bana a gaban shaidu, ya ce da su su gode wa Allah, su kuma manta da zancen saye. A kan haka aka tsaya. Shari'a ta ja, kamar yadda ta saba a Ikko, amma daga ƙarshe alƙali ya ce babu mai tashinmu. Sai dai kafin a kai nan, dole Baba ya tsaya a kotu ya amsa da bakinsa cewa ƙasar ta gidan Alamu ce. Waɗanda suka je sun ce da ƙyar aka ji muryarsa. Daga ranar ya daina zama a ƙofar gida, ya bar wa yara rumfar goro, ciwo ya kama shi.

Wata ranar Juma'a da hantsi Inna ta aiko a kira ni, ta ce Baba ne da kansa ya ce in zo, kuma in shigo ta zaure. Na tarar da mota a ƙofa ana ɗaura kaya. Yana zaune a kan kujera, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ashe ya sa Yaya Sule ya kai shi ƙauyen da kaka ya fito, can bayan Rano, garin da bai taɓa takawa ba, ba wanda ya sani a ciki sai sunan wasu dangi. Na faɗi a gabansa na riƙe ƙafarsa, na ce ya dubi Allah ya zauna, gida ya tsira, likitansa yana nan, mu duka muna nan. Ya ɗora hannu a kaina ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ban yi miki baki ba, Dije, ba kuma zan yi ba. Gaskiya kika rubuta. Ku zauna a gidan, Allah ya sa albarka. Amma ni ba zan kwanta a ƙasar aro ba."

Aka ɗauke shi aka sa a mota. Bai kai damina ba ya rasu. Kafin in samu jirgi in isa an riga an rufe shi.

Ga abin da ya faru ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Kun girma kuna shiga gidan, 'ya'yan kawunku suna ciki har yau, ni kuma na koyar da babin nan ga ɗalibai har na yi ritaya, ban taɓa karanta shi a aji ban tuna da Baba ba. In kun tambaye ni ko zan sake, zan sake, kuma zai sake yi mini ciwo kamar yadda yake yi yanzu. Abin da nake roƙonku shi ne ku riƙa zuwa ziyara kuna yi masa addu'a, don ba shi da kowa a can. In kun isa kada ku wahalar da kanku da tambayar Alhaji Garba, ba su san sunan ba. Ku ce a nuna muku kabarin baƙon Ikko.